Bango Huɗu a Benen Kawu Sambo

Ke ce kika sa na zauna rubuta wannan babi, Asma'u. Ran sunan ɗanki na uku ina zaune a zaure, na ji ki ta taga kina ba surukarki labari kina dariya, wai babanki ne ya kai ƙarar kakanki gaban hukuma don tsoron girgizar ƙasa, a garin da ƙasa ba ta taɓa ko motsawa ba. Ban ce miki komai ba, don ranar ba ta gardama ba ce. Amma shekara arba'in ke nan ana yawo da labarin nan a guntule. Dangin uwarku suna ba da shi yadda suke so, abokan wasa suna ƙara masa gishiri, ni kuwa da abin ya faru a kaina ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce, Ummaru, yaya aka yi? To ga shi na rubuta, ku shida ku karanta, kuma kada wanda ya tsallake inda bai yi masa daɗi ba.

A lokacin ina aiki wurin ginin dam na Goronyo. Aikina duba rodi ne: kafin a zuba kankare sai na bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, na ga kaurinsu, da tazararsu, da yadda aka ɗaure su. Wanda nake ƙarƙashinsa wani injiniya ne baƙo, dattijo, leburori suna kiransa Mai Furfura. Ƙasarsu ƙasar duwatsu ce, kuma ƙasa tana girgiza a can. Mutum ne marar yawan magana, amma in ya ga an lanƙwasa ƙarfe ba daidai ba sai ya yi ta faɗa kamar an zagi uwarsa. Wata rana muna cin abincin rana a inuwar mota na tambaye shi dalilin wannan tsanani, tunda ƙasarmu lafiya lau take. Ya ɗauko kwalin ashana, ya zare aljihun da ke ciki, ya ajiye fankon a kan gwiwarsa. Ya danna shi daga sama da yatsa, kwalin ya tsaya. Ya ɗan tura shi daga gefe, sai ya kwanta ya baje. Ya mayar da aljihun ciki ya sake turawa, kwalin ya ƙi motsi.

"Ginshiƙi yana ɗaukar abin da ke danno shi daga sama," in ji shi. "Abin da ke kayar da dogon gini daga gefe yake zuwa. Shi kuwa bango ne kawai ke tare shi."

Ba bangon bulo yake nufi ba. Bangon kankare ne mai rodi shimfiɗa biyu, wanda zai tashi daga cikin fandisho har ƙololuwa ba tare da an katse shi a wani hawa ba. A bakinsa biyu kuma a matse zobban ƙarfen nan da magina ke kira ringi, a lanƙwasa bakinsu ciki, yadda ko kankaren ya tsage ba za su buɗe ba. Ya ce a garinsu, ranar da ƙasa ta motsa, benayen da suka fara durƙushewa su ne waɗanda aka bar ƙasansu fayau don shaguna, ginshiƙai kawai ba bango. Ya ce ƙanwarsa tana zaune a hawa na uku na irin wannan gini. Ya mayar da ashanarsa aljihu muka koma aiki.

Ina da shekara ashirin da tara. Maganar nan ta shige ni yadda karatu ke shiga sabon ɗalibi, ina ganin duk wanda bai san ta ba a cikin duhu yake.

A shekarar ce Kawu Sambo ya dawo daga aikin hajji na biyu da ciwon bene. Ku kun san shi kakanku, tsoho mai raba muku dabino. Ni na san shi ƙanen Innata, uban matata Hajo, kuma babban dillalin albasa wanda in ya yi tari a kasuwar Goronyo sai farashi ya motsa. Ya ga dogayen gine-gine a can, ya dawo ya rantse sai ya tsayar da hawa huɗu a bakin kasuwa: ƙasa shaguna, na biyu sito na hatsi da albasa, sama kuma ɗakunan haya ga ma'aikatan dam da iyalansu. Filin nasa a gangare yake, ƙasar fadama, wadda in ka haƙa tsawon mutum ruwa ya fara tsattsafowa. Ya aiko a kira ni, ya ce ba zai ba bare aikin ba alhali yana da ɗa a gida wanda ya yi karatun abin. Na ji daɗi ƙwarai. Sati uku ina zane, na kai wa Mai Furfura ya duba ya gyara mini, sannan na shimfiɗa takardar a kan tabarma a zauren Kawu, abokan cinikinsa suna kewaye. Ya bi ta da yatsa yana murmushi, har ya iso kan wasu layuka huɗu masu kauri a kusurwoyin ginin.

"Wagga baƙar aba mi ta?"

"Bango na, Kawu. Na kankare. Za shi tashi tun daga ƙasa har bisa."

"A bakin shago? Ummaru, kowane ɗaya ya cinye mani ƙohwa guda. Bangon mi?"

A nan ne na yi kuskuren da nake biya har yau. Da na ce masa ƙasar wurin laushi gare ta, da ya gane, don ya san fadama fiye da ni. Da na ce buhunan hatsi a hawa na biyu nauyi ne da ba a wasa da shi, ko na tuna masa guguwar farkon damina da ke ɗaga rumfunan kasuwa, da ya saurara. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma duk bangon yana maganinsu. Amma ni da sabon ilimina, a gaban dattawa, sai na gyara zama na ce:

"Sabo da girgizar ƙasa."

Sai wani mai sayar da shanu ya fara dariya, ta kama na kusa da shi, har ta zagaye wurin. Kawu ya yi dariya har ya cire hula yana goge ido.

"Girgizar ƙasa! A Goronyo! Kai yaro, ran da ƙasa ta girgiza ai tashin duniya na. Kana son ka tare tashin duniya da rodi?"

Maimakon na sassauta, sai na ɗauko ashana na yi musu abin da Mai Furfura ya yi mini. Ku yi tunanin wannan: mutanen da suka yi jikoki, ina tura musu fankon ashana a kan tabarma. Kafin la'asar labari ya kai tashar mota. Kafin sati sunana ya zama Ummaru Girgiza daga Goronyo har Wurno.

Kawu bai tsaya nan ba, ya ɗauki maganar ya kai Wurno wurin mahaifina, Malam Haliru, wai ɗansa ya fara ja da ikon Allah. Malam ya saurare mu duka biyu a zaurensa bayan an tashi daga karatun hantsi. Ya tambaye ni ko bangon zai cutar da ginin, na ce a'a. Ya tambayi Kawu ko ya san aikin kankare, ya ce a'a.

"To Sambo, wanda yas sani shi aka bi. Yin tanadi ba ja da Allah ba na. Kai ma kana rufe albasarka in ka ga hadari." Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma ka koyi magana da manya. Gaskiyarka ba ta ba ka izinin wasa da ashana gaban iyayenka ba."

Kawu ya ce ya ji ya yarda, kuma ni da wautata na ɗauka an gama. Aka haƙa fandisho, muka yi ta fama da ruwa, aka zuba kankare. Rodin bango huɗun ya tsaya a kusurwoyi, ya fi tsawon mutum, na ɗaure ringin da hannuna. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce ga kejin girgiza nan. Na toshe kunnena. Ana cikin haka wurin aiki suka tura ni gefen Rabah awon wata hanyar ruwa, kwana goma sha biyu. Na bar aikin a hannun ɗan kwangilar da Kawu ya kawo, na ce kada a taɓa komai sai na dawo.

Na dawo ran kasuwa da hantsi, ban ko biya gida ba. Tun daga nesa na ga ginin ya yi wani irin haske, kamar bakin da aka cire wa haƙora. Da na matso sai na ga dalili. An bi rodin bangon nan huɗu da zarto an yanke shi daidai da daɓe, an shafe wurin da siminti sumul. An zuba ginshiƙai sirara, har an fara kafa katakon zuba rufin kankare na hawa na farko. Ƙarafan da na ɗaure suna jibge a bayan fili, awaki suna hawa. Na sami Kawu a rumfarsa ana auna masa albasa, na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na tambaye shi wa ya yi wannan.

"Ni nis sa. Na riga na yi ma mutum huɗu alkawalin shago. In ce masu mi? In ce ɗana na jiran girgiza?"

"Kawu, gaban Malam ka yarda."

"Na yarda don kar in ba mijin yayata kunya. Ginin wa na? Naka ko nawa?"

Na ce masa har yanzu ana iya gyarawa, a fasa daɓen a tono ƙarfen a haɗa. Ya ce ko ƙusa ba za a zare ba. Na ce to a tsaya a hawa biyu. Ya ce huɗu ya faɗa a gaban jama'a, huɗu za a yi. Na ce akwai matan mutane da 'ya'yansu da za su kwana a saman nan. Ya ce Allah ne ke tsare su, ba ni ba, ya juya ya ci gaba da ciniki. Wannan shi ne Kawu. Mutum ne da zai ciyar da unguwa guda a shekarar yunwa, kuma ya yi, amma ba zai janye kalma ɗaya da ya furta a kasuwa ba ko da gini zai faɗo a kansa.

Kwana uku ina juya abin. Cire hannuna kawai ba zai hana komai ba, ɗan kwangila zai ci gaba, kuma sunana ne a kan zanen da aka kai ofis aka sa wa hannu, zanen da ke da bango huɗu. Ran na huɗu na hau mota zuwa Sakkwato, na shiga ofishin da ke kula da tsarin gine-gine, na gaya musu abin da ake ginawa ba shi ne abin da suka amince da shi ba. Ban ce a kama kowa ba, ban ce a rushe ba, kuma ba kotu na je ba, Asma'u, ki gyara wannan a labarinki. Suka turo mutum biyu, suka duba, suka haƙa gefen fandisho suka ga ruwa, suka rubuta cewa ginin ba zai wuce hawa biyu ba, kuma ba za a tara hatsi a sama ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Na tafi Sakkwato ban gaya wa Malam ba, ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa uwarku ba. Na san in na faɗa za su hana ni, kuma na san zan hanu. Kawu ya ji labarin ne daga bakin baƙi, a gaban yaransa na kasuwa. Zuwan da na yi ban taɓa nadamarsa ba. Yadda na yi shi a ɓoye, wannan kam laifina ne, kuma na ɗauka.

Washegari da safe motar Kawu ta tsaya a ƙofar gidanmu a Wurno. Direba ya ce Alhaji ya ce Hajo ta zo. Ba a ce ta zo da kaya ba, amma kowa ya gane. Lokacin Aminu yana goye. Ta shirya, sai da ta kai bakin zaure ta tsaya ta juyo gare ni.

"Da ka hwaɗa mani."

"Da kin hana ni."

"Da na hana ka. Amma da na sani."

Inna kuwa ba ta yi mini da sauƙi haka ba. Ta kira ni ɗakinta, ta bar ni a durƙushe, tana tsinke zogale ba ta ko dube ni ba.

"Ni da Sambo nono guda munka sha. Ka tahi ka kai shi ga hukuma kamar ɓarawon akuya. Don mi? Don ƙasa za ta girgiza. To ga ta nan ta girgiza, Ummaru, cikin gidana."

Malam bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Abin da ya ce kawai shi ne, da na zo masa da ya raka ni wurin Sambo sau goma kafin a kai ga Sakkwato. Wannan ta fi faɗan Inna ciwo.

Sai kuma surutu. Aka ce rodin na so na yi sama da shi, da aka gane sai na huce a kan ginin. Aka ce baƙon injiniya ne ya juya mini kai. Aka ce hassada ce. Shekaru da yawa ba wanda ya ba ni ko ginin shago a ƙasar nan, sai aikin gwamnati kawai. In na shiga kasuwa sai wani ya kama rumfa ya jijjiga yana salati, jama'a su fashe da dariya. Abin da ya fi ba ni haushi, duk masu dariyar nan ba wanda ya taɓa tambayata ko ginin zai iya ɗaukar hawa huɗu. Ba wanda ya damu da wannan. Kalma ɗaya suka riƙe.

Wata bakwai uwarku ta yi a Goronyo. Ban sake ta ba, Kawu bai ce na sake ta ba, an dai bar abin a rataye. Na aika dattawa sau uku, ya ce su sha ruwa su koma. Rannan da la'asar, ana yayyafi, na dawo daga aiki na tarar da hayaƙi yana tashi a madafa. Uwarku ce zaune tana tuƙa tuwo, Aminu yana tafiya da ƙafarsa, ni da na bar shi ba ya ko rarrafe. Ita ta hau motar haya da kanta, ba wanda ya rako ta. Sai na ce, ashe ta gane gaskiyata.

"Wace gaskiya? Ni ban san kankare ba. Na dai zauna na duba, na ga kai da Baba halinku guda, in na biye maku sai in tsuhwa bisa hanya. Wanke hannu ka ci tuwo."

Ginin yana nan, kun san shi, hawa biyu, da tsatsattsun ƙarafa a samansa suna kallon sama. Ƙasa ba ta girgiza ba. Ba zan yi muku ƙarya na ce wani abu ya faru da ya wanke ni ba. Ba abin da ya faru, kuma irin aikinmu ke nan: in ka yi daidai, ba abin da za ka nuna wa mutane. Ko da hawa huɗun zai tsaya har yau, Allah kaɗai ya sani. Ni dai ban yarda na gwada da 'ya'yan mutane ba.

Shekara goma sha ɗaya Kawu bai yi mini magana ba. Ina zuwa gaisuwar salla, na durƙusa, ya amsa wa bango. Sai da ciwon ƙafa ya kwantar da shi ya aiko a kira ni. Na same shi a kan katifa a zaure, ya rame, amma idon nan yana nan. Bai ce na zauna ba.

"Girgizar taka ta zo?"

"Ba ta zo ba, Kawu."

"To." Ya ja carbinsa. "Masallaci nika son in gina kahin in mutu. Da hasumiya doguwa, wadda za a hango daga hanyar Wurno. Kai za ka yi ta. Ka sa mata bangon nan naka."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce, wane bango? Ya ce wanda na sani, mai ƙarfe biyu. Shekara goma sha ɗaya! Na ce, Kawu, ai ka ce Allah ke tsarewa.

"Allah ka tsarewa mana. Amma wanga ɗakinSa na. In ta hwaɗo bisa masu salla, mi za ni ce maSa?"

Na buɗe baki zan tambaye shi matan ma'aikata da 'ya'yansu fa, su ba bayin Allah ba ne? Sai na hango uwarku a bakin ƙofar cikin gida, ta zuba mini ido. Na rufe bakina. Na ce to, Kawu.

Wata tara muna aikin. Duk ringin da ke cikin hasumiyar nan ni na duba shi, kuma wannan karon ban je ko'ina ba, ko Rabah aka kira ni sai na ce ba ni da lafiya. Ranar da aka cire katako, aka kawo shi a mota, 'ya'yansa biyu suka riƙe shi har gindin hasumiyar. Jama'a sun taru. Ya ɗaga kai ya bi ta da kallo har sama, ya sa tafin hannu a jikin kankaren, ya ƙwanƙwasa da sandarsa sau biyu. Na matso kusa, don na ɗauka yau dai zan ji abin da na yi shekaru ina jira. Ya juyo ya dube ni.

"Ummaru, ka cika ɓarnar siminti."

Wata biyu bayan haka muka yi masa salla a gindinta. Ni na shiga kabarin na karɓe shi.